Yadda Ake Koya wa Ɗalibi Mai Jin Sinanci Kalmomin Ɓata Suna a Turanci

Wata ɗalibata Basiniya, ma'aikaciyar ofis a wani kamfani da ke shigo da kaya Kano, ta taɓa kawo min wasiƙar da za ta aika wa wata jarida in duba mata. Jaridar ta buga cewa kamfaninsu ya yi jinkirin biyan albashi. Abin da ta rubuta shi ne: *Your newspaper slandered our company.* Na tambaye ta, jinkirin ƙarya ne? Ta ce a'a, an yi shi, amma an biya daga baya, ita dai fitar da maganar fili ne ya yi mata zafi. Kuskure biyu ke nan a jimla ɗaya. Ta kira abin da aka buga a takarda da sunan abin da ake faɗa da baki, sannan ta ce jarida ta yi ƙarya alhali ta san ba ta yi ba. Da wasiƙar ta tafi a haka, da ita ce ta zama mai ƙage.

Tun daga ranar na daina koyar da waɗannan kalmomi a matsayin jerin ma'anoni da za a haddace. Wannan jagora na rubuta shi ne domin Bahaushen da ke koya wa Sinawa Turanci, ko yake yi musu tafinta, a Kano ne, ko Abuja, ko ta intanet, ko kuma a hulɗar ciniki ta biranen Guangzhou da Yiwu na ƙasar Sin. Abin da nake so ɗalibi ya fita da shi guda ne: kusan kowace kalmar ɓata suna a Turanci tana ɗauke da hukunci a cikinta. Da zarar ka furta ta, ka riga ka nuna wanda kake ganin maƙaryaci ne.

Mataki na farko: fara da abin da ɗalibin ya zo da shi

Kada ka buɗe darasi da Turanci. Ka sa shi ya rubuto maka kalmomin Sinancin da zai yi amfani da su idan wani ya zubar masa da mutunci a bainar jama'a. Waɗanda na fi gani su ne *feibang* (诽谤), wato ƙage irin wanda ake kai wa kotu. *Wumie* (污蔑), yarfe. *Zaoyao* (造谣), ƙirƙirar ji-ta-ji-ta. *Dihui* (诋毁), kushe da aibatawa. *Wuru* (侮辱), cin mutunci. Sai *mohei* (抹黑), wanda ma'anarsa ta zahiri ita ce shafa baƙi. Akwai kuma *po zangshui* (泼脏水), watsa wa mutum ruwan dauɗa.

Kai ma a gefe guda ka rubuta naka na Hausa: ƙage, ƙazafi, yarfe, sharri, gulma, tsegumi, tonon silili, shafa kashin kaji. Ba don ka koya masa Hausa ba, sai don kai ka san inda ka tsaya. Za ka ga harsunan uku sun haɗu a hoto ɗaya, wato suna kamar farar riga ne, maƙiyi kuma mai shafa mata dauɗa. Bahaushe ya ce kashin kaji, Basine ya ce baƙi ko ruwan dauɗa, Bature ya ce *smear* da *mudslinging*, shafe da jifa da taɓo. Ko *denigrate* ma daga kalmar Latin mai nufin baƙi ta samo asali, ka ga ita da *mohei* hanyarsu ɗaya. Idan ɗalibi ya ga haka, tsoron kalmomin yakan ragu ƙwarai.

Mataki na biyu: gaskiya ce ko ƙarya, a wurin mai magana?

Nan ne zuciyar darasin, kuma nan nake daɗewa, ko da zai cinye zama biyu.

Ka raba allo gida uku. Gida na farko na kalmomin da ke cewa zargin ƙarya ne ko zalunci: *defame, slander, libel, smear, malign, vilify, frame*. Wanda ya ce *They smeared the minister* yana bayan ministan ne. Gida na biyu na kalmomin da ke cewa zargin gaskiya ne, an bankaɗo ɓoyayyen laifi: *expose, uncover, reveal, blow the whistle on*. Wanda ya ce *They exposed the minister* ya riga ya yanke wa ministan hukunci. Gida na uku na kalmomin da ba su ɗauki ɓangare ba: *accuse, allege, claim, criticise*. Wanda ya ce *They accused the minister* labari kawai ya bayar.

Sai ka ba shi labari ɗaya, misali wata jarida ta ce wani ɗan kasuwa ya kauce wa biyan haraji, ka sa ya faɗe shi sau uku: da bakin lauyan ɗan kasuwar, da bakin editan jaridar, da bakin mai karanta labarai a rediyo. Abu ɗaya ne ya faru, amma aikatau uku daban za su fito. Idan ya iya wannan, ya ci rabin darasin.

Mu Musulmi muna da ma'auni a hannu da zai taimaka mana mu riƙe bambancin. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya bayyana giba da cewa ambaton ɗan'uwanka ne da abin da ba ya so. Idan abin yana tare da shi ka yi gibarsa, idan ba ya tare da shi ka yi masa ƙage. To, *slander* da *libel* a ɓangaren ƙage suke. Giba kuwa ta fi kusa da *backbiting* da *gossip*, waɗanda za su iya zama gaskiya. Shi ya sa a dokar Ingila da ta Amurka, idan wanda aka kai ƙara ya tabbatar da cewa abin da ya faɗa gaskiya ne, ya kuɓuta. Dokar ƙasar Sin ma, a laifin *feibang*, ƙirƙirar abin da bai faru ba take magana a kai.

Da wannan ma'auni muka gyara wasiƙar ɗalibata. Ta koma: *Your report was accurate about the delay, but it omitted the fact that all salaries have since been paid.* Ta amince da abin da ya faru, ta nuna abin da aka bari a baya, ba ta ƙaga wa kowa komai ba.

Akwai kalmomi biyu da ke zaune a bakin iyaka, ka ja kunnensa a kansu. *Discredit* na nufin zubar da ƙimar maganar mutum, kuma ana iya yin haka da gaskiya ko da ƙarya. *Denounce* kuwa yin tir ne a fili, ba ta ce komai ba game da ko wanda aka yi tir da shi ya cancanta. Sannan ka koya masa *alleged* da *allegedly*, waɗanda suka yi daidai da namu “ana zargin” da kuma *shexian* (涉嫌) na jaridun Sin. Amma ka gaya masa ba laya ba ce. Maimaita ƙagen wani, ko da ka jingina shi ga wanda ya fara faɗa, yana iya jawo maka ƙara a Ingila.

Mataki na uku: kalmomin kotu guda uku

Sinanci kalma ɗaya yake amfani da ita, *feibang*, ko da baki aka yi ko a rubuce. Turanci uku gare shi, kuma a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe.

*Defamation* ita ce uwa, ta haɗe duka. *Libel* ɓata suna ne ta hanyar da ke dawwama, kamar jarida, littafi, hoto, ko rubutu a Facebook. Asalinta kalmar Latin ce, *libellus*, ƙaramin littafi, kuma idan ka faɗa wa ɗalibi haka ba ya mantawa. *Slander* ɓata suna ne da fatar baki, maganar da iska ke ɗauka. Tushenta ɗaya da *scandal*.

Ɗalibi mai kaifin basira zai tambaye ka, to maganar rediyo da talabijin fa? A Ingila, tun dokar 1952 ake ɗaukar abin da aka watsa ta iska a matsayin *libel*, duk da cewa da baki aka faɗa. A Sikotilan ba a raba su biyu ba, *defamation* kawai ake cewa. Shawarar da nake ba su ita ce, duk inda ka yi shakka ka ce *defamation*, ba za ka yi kuskure ba. Haka aka kira ƙarar da kamfanin na'urorin zaɓe na Dominion ya shigar da tashar Fox News a Amurka, wadda aka sasanta a watan Afrilun 2023 kan dala miliyan 787.5.

Wani abin da ya kamata ka tsaya a kai shi ne nauyin da kalmar ke da shi a kunnen ɗalibin. A ƙasar Sin, sashe na 246 na dokar manyan laifuka ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 a kan cin mutunci da ƙage idan abin ya yi tsanani. A watan Satumban 2013 kotun ƙoli da babban ofishin masu gabatar da ƙara na ƙasar suka fitar da fassarar da ta ce, rubutun ƙage da aka buɗe sau 5,000 ko aka sake yaɗawa sau 500 a intanet ya kai matakin tsanani. Don haka idan Basine ya ji *feibang*, gidan yari yakan zo masa a rai. A Ingila da Wales kuwa an soke laifin *criminal libel* da dokar 2009, yanzu ƙarar neman diyya ce kawai, kuma dokar 2013 ta ce sai mai ƙara ya nuna *serious harm*, wato babbar illa ga sunansa. A Amurka, tun hukuncin shari'ar New York Times da Sullivan a 1964, jami'in gwamnati ba ya cin irin wannan shari'a sai ya tabbatar da *actual malice*. Ka lura, wannan ba ƙiyayya take nufi ba, kamar yadda ƙamus zai sa ɗalibi ya zata. Tana nufin wanda ya buga labarin ya san ƙarya ne, ko ya buga shi ba tare da damuwa ko gaskiya ne ko ƙarya ba.

Amfanin wannan a aikace shi ne aikatau. A labarin Landan ko New York, *sue for libel* da *award damages* zai gani. A labarin ƙasarsa idan an juya shi Turanci, zai iya cin karo da *charged with defamation* da *sentenced*. Idan a Arewacin Najeriya yake zaune, ka sanar da shi cewa sashe na 391 da na 392 na dokar final kod sun mai da ɓata suna laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara 2. A wannan fuskar mun fi kusa da ƙasarsa fiye da Ingila.

Mataki na huɗu: kalmomin siyasa da jarida

Waɗannan ba sa buƙatar dogon bayani, misali ɗaya-ɗaya ya isa. *Smear campaign* shiri ne na musamman don shafa wa mutum kashin kaji. *Character assassination* kashe mutunci ne gaba ɗaya. *Mudslinging* jifan juna ne, galibi lokacin zaɓe, ɓangarorin biyu duk suna yi. *Hatchet job* da *hit piece* rubutu ne da aka yi da niyyar sara. *Witch-hunt* shi ne namu bi-ta-da-ƙulli, kuma wanda ake bincika ne ya fi faɗinsa. Ga ɗalibin da ya yi nisa, ka ƙara masa *McCarthyism*, daga sunan Sanata Joseph McCarthy da ya riƙa zargin mutane da kwaminisanci a shekarun 1950, da *swiftboating*, daga farmakin da aka kai wa tarihin aikin soja na John Kerry a zaɓen Amurka na 2004.

Matsala ɗaya nake yawan gani. Yawancin ɗalibaina sun saba da Turancin kafafen labaran gwamnatin ƙasarsu, inda *smear* da *slander* ke fitowa a kai a kai a matsayin fassarar *mohei* da *wumie*. Sai ka ga ɗalibi ya ɗauko su ya ɗora a kan abokin aikin da ya yi gulmarsa wajen cin abinci. Wannan ɗaukar gatari ne don yanke farce. Ka ba shi na yau da kullum: *bad-mouth, talk behind my back, spread rumours about me, run me down*.

Haka nan littattafan shirin jarrabawa suna cika su da *calumny, traduce, besmirch*. Ni ba na hana su sani, domin za su gamu da su a karatu, amma nakan ce su gane su kawai, kada su furta su a ofis. *Tarnish* ta fi amfani, kuma tana da wata siffa mai kyau: ba dole sai da maƙiyi ba, mutum da kansa zai iya dusashe sunansa da aikinsa. Ka kuma nuna masa *lose face*. Daga Sinanci Turawa suka aro ta a ƙarni na 19, kuma ɗalibai kan ji daɗin ganin kayansu a gidan wani. Sai dai ka bambanta masa ita da *reputation*: ta farko kunyar wani lokaci ce, ta biyu sunan da aka daɗe ana ginawa.

Mataki na biyar: habaici da rubdugun intanet

Sinawa gwanayen habaici ne kamar mu. Suna da karin magana, *zhi sang ma huai* (指桑骂槐), nuna wata bishiya kana zagin wata, wanda ba shi da maraba da gugar zana. A Turanci ka ba shi *innuendo, insinuate, a veiled attack*, da *cast aspersions on*. Ka gaya masa cewa kotun Ingila tana iya kama mutum da shaguɓe ko da bai ambaci suna ba, muddin masu karatu za su gane wanda ake nufi.

A ɓangaren intanet, ɗalibin ya fi ka sanin abin, sunayen ne kawai ba shi da su. *Renrou sousuo* (人肉搜索), taron dangi don tono sunan mutum da gidansa da wurin aikinsa, shi ne ya fi kusa da *doxxing*. *Wangbao* (网暴) ya haɗa *cyberbullying* da *online abuse*, idan kuma jama'a suka yi wa mutum ɗaya ca, *pile-on* ke nan. *Shuijun* (水军), sojojin ruwa, su ne waɗanda ake biya su cika dandali da yabo ko zagi. Mu sojojin baka muke da su, Turanci kuma ya ce *paid trolls* ko *troll farm*. Kada ka bari ya rubuta *water army* ba tare da bayani ba, sai dai idan mai karatun ya san ƙasar Sin. *Call out* da *name and shame* a gida na biyu suke, mai faɗinsu yana ganin an yi daidai. *Cancel culture* kuwa galibi wanda ke ƙin abin ne yake kiransa haka.

Mataki na shida: nahawu da furuci

A Sinanci *feibang* ba ta canja siffa, ko suna ce ko aikatau. Don haka sai ka jera masa dangin kowace kalma a layi: *defame, defamation, defamatory*, *slander, slanderous, slanderer*, *libel, libellous*, wadda Amurkawa ke rubutawa da *l* guda a tsakiya. Sannan ƙananan kalmomin da ke biye da su, waɗanda ba su da wata dabara sai maimaici: *accuse him of, blame him for, charge him with, sue him for, an allegation against him*. Ba a cewa *allege him*, sai *allege that he*. *Aspersions* kusan kullum jam'i ce. *Mudslinging* ba ta ɗaukar *a*, amma *a smear campaign* ba ta zama sai da ita, kuma Sinanci ba shi da irin wannan ƙaramar kalma, shi ya sa suke yar da ita.

A furuci, Sinancin Mandarin ba ya haɗa baƙaƙe biyu a farkon gaɓa, don haka *slander* takan koma “silanda”, *smear* ta koma “simiya”. Mu ma Hausa haka take ja mu, saboda haka ka saurari bakinka kafin ka gyara nasa, musamman *p* da *f* a *defame* da *pile-on*. Shi kuma ba shi da *v*, sai *vilify* ta fito da *w*. Ka sa ya bambanta *libel* da *label* da *liable*, da kuma *slander* da *slender*, ta hanyar karanta masa jimla ya nuna wadda ya ji.

Ga wata dabara da ta yi min aiki. Hausa da Sinanci duk harsuna ne masu karin sauti, kunnuwanmu sun saba da hawa da sauka. Ka koya masa nauyin gaɓa kamar sauti ne mai hawa: a *defame* gaɓa ta biyu ce ke hawa, a *defamation* ta uku, a *defamatory* ta koma ta biyu. Ka buga tebur a kan gaɓar, shi ma ya buga.

Mataki na bakwai: gwaji da labarin gaske

Ina rufe darasin da wani abu da ya faru a birnin Hangzhou a 2020, wanda kusan duk ɗalibin da ke bin labaran gida ya ji shi. Wata mata ta je karɓar saƙonta a wurin ajiyar kaya, wani mai shago ya ɗauke ta bidiyo a ɓoye, shi da abokinsa suka ƙirƙiri rubutacciyar hirar waya ta ƙarya da ke nuna wai tana neman ɗan aiken da ke kai kaya. Abin ya bazu a intanet, ta rasa aikinta. Ita ta fara shigar da ƙara da kanta, daga baya a ƙarshen shekarar hukuma ta karɓi shari'ar, kuma a watan Afrilun 2021 aka yanke wa mutanen biyu ɗaurin shekara 1 da aka jingine na shekara 2. A wurinmu wannan ƙazafi ne tsantsa, irin wanda aya ta 4 ta Suratun Nur ta yi magana a kai, kuma duk lokacin da na ba da labarin a aji sai na ji nauyinsa.

Ka sa ɗalibin ya rubuta labarin da Turanci sau biyu, kowanne jimla biyar. Na farko a matsayin ɗan jarida a ranar da aka shigar da ƙara, kafin hukunci: nan dole *accused of, allegedly fabricated, filed a defamation suit* su fito. Na biyu a ranar hukunci, inda zai cire duk wani *allegedly* ya sa *fabricated, defamed, convicted of defamation, suspended sentence*. Idan ya rubuta *exposed* a kan matar, ka tsayar da shi nan take, ka mai da shi allon nan mai gida uku, ka tambaye shi a wane gida kalmar take da kuma abin da ya faɗa game da ita ba da niyya ba. Idan ya zaɓi *slander*, ka tambaye shi hirar ƙaryar da baki aka yi ta ko a rubuce.

Bayan mako guda ka kawo masa kanun labarai biyar daga jaridun Turanci na ranar, waɗanda ke ɗauke da irin waɗannan kalmomi, ka ce ya ja layi a ƙarƙashin kowace aikatau, ya rubuta a gefe ko bayan wa jaridar take.